Rashi Daban, Fatara Daban: Darasi Daga Tarihin Zangunan Akra

Harshen Hausa yana da kalmomi da dama na rashin abin hannu, amma ba duka suke da ma'ana ɗaya ba. Akwai talaka, akwai mabukaci, akwai miskini, akwai kuma matsiyaci. A asalinta kalmar talaka tana nufin mutumin da ba shi da sarauta, watau wanda ake mulka. Manomi mai rumbu biyar talaka ne a gaban hakimi, haka nan maƙeri da majemi da ɗan koli. Irin wannan mutum yana iya kwana ba ko anini a aljihunsa, duk da haka yana da wurin kwana, yana da sana'a, yana da mutane, ana kuma jin maganarsa a wurin suna ko jana'iza. Shi ne ake cewa asirinsa a rufe yake, domin irinsa ne kuma magabata suka ce talauci ba ya kau da 'yanci. Wanda fatara ta kama kuwa, asirinsa ya tonu. Ba shi da abin yi, ba mai ba shi bashi, ba kuma wanda zai neme shi in an kwana biyu ba a gan shi ba. Halin nan yana da muni ƙwarai a idon jama'a, har kalmar matsiyaci ta zama zagi.

Sanin wannan bambanci yana da amfani ga duk mai son taimakon mabukata, gama abin da zai ɗaga mai rashi dabam yake da abin da zai ceci mai fatara. Wani wuri da za a gan shi a fili shi ne unguwannin zango na Akra, babban birnin Gana, wanda Hausawa suka saba kira Ankara. Nima, Maamobi, Sabon Zango, da unguwar New Town inda Kasuwar Malam Atta take, duk an daɗe ana lissafa su cikin unguwannin matalauta. Amma tarihinsu ya nuna cewa yawancin mazaunansu talakawa ne masu rufin asiri. Lokutan da jama'a masu yawa suka faɗa cikin fatara kuwa sanannu ne, kowanne da shekararsa da dalilinsa.

Daga Gwanja zuwa bakin teku

Kalmar zango ta fatake ce. Inda ayari ya sauke kaya ya kwana, nan ne zango. Shekaru aru-aru fatake daga Kano, Katsina da sauran ƙasar Hausa suna bin hanyar Gwanja da jakuna, suna kai kanwa, tufafi, fatu da dabbobi, suna komowa da goro. A ƙarni na 19 babbar kasuwar wannan ciniki ita ce Salaga, wadda take ƙarƙashin ikon Asante, inda kuma ake sayar da bayi masu yawa. A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi, ikon Asante a kan ƙasashen arewa ya karye, goro ya daina isa Salaga kamar dā. A 1892 kuma yaƙin basasa ya tashi a garin, fatake da malamai suka watse, waɗansu zuwa Kete-Krachi da Yendi, waɗansu zuwa kudu.

Cikin waɗanda suka bar Salaga akwai Alhaji Umaru, malami kuma marubucin waƙoƙi, wanda aka haifa a Kano wajajen 1858, ya zauna a Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. Mutum ne da ya rayu cikin fatake a lokacin da kasuwarsu ta rushe. Cikin rubuce-rubucensa na ajami akwai Waƙar Talauci da Wadata, wadda masana tarihi suke komawa gare ta har yau. Abin da waƙar ta fi tsayawa a kai shi ne wulakanci, yadda ake raina marar abin hannu, a ƙi jin maganarsa, a kuma ɗaukaka mai dukiya. Tun a wancan zamani ke nan an gane cewa zafin talauci ya wuce yunwar ciki, ya kai ga zubewar mutunci.

Akra ta fara jawo baƙi sosai tun da Turawa suka mai da ita hedkwatar mulki a 1877, a maimakon Cape Coast. Waɗansu Hausawa da aikin soja suka zo. Kyaftin Glover ya kafa rundunar Hausawa a Ikko a 1863, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, aka kuma kawo su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Waɗansu kasuwa ce ta kawo su, musamman da goro ya fara bin jirgin ruwa daga Akra zuwa Ikko. A 1881 Malam Naino ya sami fili daga hannun sarakunan Ga, masu ƙasar, aka kafa Zangon Malam a tsakiyar gari. Da wurin ya cika, rigingimun shugabanci kuma suka yi yawa, ɗansa Malam Bako ya sami wani fili a yammacin gari wajajen 1910, ya kafa Sabon Zango.

Baƙon da ya sauka Akra a wannan zamani sau da yawa ba shi da komai sai rigar wuyansa da tabarma. Bisa ga kowane ma'auni na kuɗi, matalauci ne na ƙarshe. Amma zango yana da hanyar karɓarsa. Yakan tambayi gidan sarkin mutanensa ko na wani mai gida daga garinsu, a ba shi wuri a zaure, ya ci daga tukunyar gidan. Bayan 'yan kwanaki a sama masa dako, ko gadi, ko a ba shi kaya bisa amana ya yi talla. Mai gida ne yake tsaya masa in an yi ciniki na bashi, shi ne kuma yake zuwa in an kama shi. In ya yi ciwo akwai mai kawo masa koko, in ya rasu akwai masu yi masa sutura. Abin da ake bukata daga gare shi shi ne ladabi, aiki, da riƙon amana. Wanda ya ci amanar mai gida yakan rasa fiye da kuɗi, gama labarinsa zai riga shi isa kowane zango.

Yadda Nima ta tashi a bayan gari

Nima daga baya ta zo. A shekarun 1930 Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai cinikin shanu, ya sami izinin zama a filin iyalin Odoi Kwao na Osu, a bayan gari. Musulmin wurin suna danganta sunan unguwar da kalmar ni'ima, mutanen Ga kuwa suna cewa daga harshensu ya fito. Girgizar ƙasa ta 1939 ta rushe gidaje da yawa a cikin Akra, sa'an nan yaƙin duniya na biyu ya kawo sansanin sojojin Amurka kusa da filin jirgin sama. Sansanin nan da gidajen Turawa na Cantonments da Ridge suna bukatar kuku, boyi, mai gadi, mai wanki da lebura, Nima kuwa tafiyar ƙafa ce daga wuraren nan. Mutanen Akra sun tashi daga wajen 135,000 a 1948 zuwa wajen 338,000 a 1960, babban rabo na sababbin zuwa kuma a irin waɗannan unguwanni suka sauka. Mosawa, Zabarmawa, Wangarawa, Kotokoli, Yarabawa, Dagombawa, Frafra da Fulani suka zauna tare, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Maamobi ta girma a gefen Nima. Yarabawa kuwa suka yi yawa a unguwar da aka kira Lagos Town, wadda daga baya ta zama New Town.

Har zuwa farkon shekarun 1950 Nima tana wajen iyakar hukumar birni, saboda haka dokokin gini ba su shafe ta ba. Ga talaka wannan sauƙi ne. Mutum yana iya tā da ɗakin laka ya rufa da kwano, ya zauna a ɗaya ya ba da hayar biyu, baƙo kuma ya sami ɗaki da kuɗi kaɗan. Amma tun da yake ba a fitar da tituna ba, ba a ja famfo ba, ba a haƙa magudanar ruwa ba, ba a kuma keɓe filin makaranta ko asibiti ba, sa'ad da hukuma ta waiwayi unguwar ta tarar gidaje sun riga sun cika ko'ina. Daga nan aka gāji lunguna masu ƙunci, da babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, da layin jira a ƙofar bayan gida na haya.

A nan aka fara ganin wani irin talauci wanda yake kan wurin zama, ba ruwansa da aljihun mutum ɗaya. Alhaji mai motocin haya da almajiri kwata ɗaya suke tsallakewa, sauro ɗaya yake cizon 'ya'yansu. Haka ma batun ilmi. Makarantun boko na farko yawancinsu na mishan ne, iyaye Musulmi da yawa kuwa suka hana 'ya'yansu zuwa don tsoron kada su bar addininsu. Yaran suka yi karatun allo, suka koyi ciniki, amma ƙofar aikin gwamnati ta rufe musu. Sai a 1987 aka kafa sashen ilmin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilmi ta Gana, wanda ya buɗe hanyar haɗa karatun addini da na boko a makaranta ɗaya da malaman da gwamnati take biya.

Abin da wani Bature ya gani a Nima

Daga 1965 zuwa 1968 wani ɗalibi daga Ingila mai suna Keith Hart ya zauna a Nima yana nazarin rayuwar mutanen Frafra da suka zo daga arewa maso gabashin Gana. A lokacin, masana tattalin arziki suna ɗaukar duk wanda ba shi da aikin albashi a matsayin marar aikin yi. Bisa ga wannan lissafi, babban rabo na mutanen Nima zaman banza suke yi. Hart ya tarar da wani abu dabam. Mutanen da takarda ta ce ba su da aiki tun asuba suke fita: wannan tela ne, wannan wanzami, wannan ɗan dako, wannan dillali, wannan mai ba da rance, mata kuma suna sayar da abinci a ƙofar gida. Bai ɓoye ba cewa akwai masu caca, fasa-ƙwauri, karuwanci da sata. Ya kuma ga cewa masu albashin ma albashin ba ya kai su ƙarshen wata, sai sun haɗa da wata sana'a ko sun ci bashi.

A 1973 ya buga abin da ya gano, sunan da ya ba waɗannan sana'o'in da ba su cikin rajistar hukuma kuwa ya bazu har ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya da Bankin Duniya. Nima ke nan ta koya wa masana cewa rashin albashi da rashin abin yi ba ɗaya ba ne. Masanin tarihi John Iliffe, a littafinsa na 1987 kan matalautan Afirka, ya ƙara da wani abu. Ya nuna cewa a yawancin ƙasashen Afirka na dā, inda ƙasar noma take da yawa, waɗanda talauci ya danne ƙwarai su ne marasa ƙarfin aiki da marasa dangi: tsofaffin da ba su da 'ya'ya, naƙasassu, marayu, da waɗanda aka raba da mutanensu. Wannan ya yi daidai da abin da Hausawa suke nufi sa'ad da suka ce wane ba shi da kowa.

Madogarar talaka a kasuwa

Kasuwar Malam Atta, wadda bakin jama'a ya gajarta zuwa Malata, kasuwar kayan abinci ce da take ciyar da New Town, Kokomlemle, Kotobabi, Nima da Maamobi. A irin kasuwannin nan na Akra ana samun doya daga arewa, albasa daga Bawku da Galmi ta Nijar, busasshen kifi daga bakin teku da tafkin Volta, ga manja, gari, wake, gero da masara da ake aunawa da gwangwanin da ake kira olonka. Yawancin masu ciniki mata ne, jarin da yawansu kuma bai taka kara ya karya ba. Abin da yake riƙe su tsari ne da suka gina da kansu.

Na farko shi ne bashi. Mai sayar da tumatir a faranti takan karɓi kwando daga hannun mai sari da safe, ta biya bayan ta sayar. Ita ma takan ba mai dafa shinkafa da wake kaya bashi, mai abincin kuma ta bar wa direba ko makaniki har ranar da ya samu. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Jarin gaske a nan shi ne suna. Macen da aka san ta da cika alkawari tana iya yin ciniki shekara da shekaru da kuɗin da ba nata ba.

Na biyu shi ne tanadi. Ban da adashi, wanda ake zubawa ana kwasa bi da bi, akwai mai susu, wanda yake zagaya rumfuna kowace rana yana karɓar abin da mutum ya iya ajiyewa, yana yin alama a kati. A ƙarshen wata ya mayar wa mai shi kuɗinsa, ya cire zubin kwana ɗaya ladansa. Mai ajiya ba ta samun riba, biya ma take yi, amma ta tsare kuɗinta daga buƙatun yau da kullum da roƙon dangi, har su taru su isa kuɗin haya ko na makaranta.

Na uku shi ne shugabanci da zumunci. Masu kowane irin kaya suna da shugabarsu, wadda ake kira sarauniya, mai raba gardama, mai magana da hukuma, mai tara gudummawa in an yi rasuwa ko wata ta kwanta ciwo. A cikin unguwa kuma akwai sarakunan ƙabilu da limamai, akwai zakka da sadaka, akwai bikin da mata suke kai wa juna a suna da aure, wanda kowa ya san rance ne da za a mayar. Kiristocin unguwannin nan su ma suna da asusun taimakon gwauraye da marayu a ikilisiyoyinsu. Duk waɗannan ba su mai da kowa attajiri ba. Aikinsu shi ne, in masifa ta zo sau ɗaya, kada ta zama ƙarshen mutum.

Shekarun da madogara ta karye

Masifa mafi girma da ta taɓa zangunan Gana ta zo ranar 18 ga Nuwamba 1969, sa'ad da gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙi marasa takardar izinin zama mako biyu su bar ƙasar. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen mutum 200,000 suka fita cikin wata shida, yawancinsu 'yan Nijeriya, Nijar, Togo da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Da yawansu a Gana aka haife su, ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. Aka sayar da gidaje, rumfuna da motoci a wulakance, basussuka suka bi ruwa, iyalai suka rabu. A 1970 kuma aka yi dokar da ta keɓe ƙananan cinikayya ga 'yan ƙasa. Mutumin da jiya yake mai gida, yana saukar da baƙi, yau ya zama ɗan gudun hijira a bakin iyaka. Waɗanda suka rage ma sun ji jiki, gama wanda ya saba ba su kaya bashi ya tafi.

Bayan shekara goma aka taɓa jarin 'yan kasuwa kai tsaye. A watan Maris 1979 gwamnatin Janar Akuffo ta canja takardun kuɗi. Wanda ya kai sidi 10 aka ba shi 7, abin da ya haura sidi 5,000 kuwa rabi aka mayar. Kuɗin da yake banki ba a rage shi ba, amma 'yar kasuwa a ɗaurin zanenta take ajiya. A watan Yuni sojojin Rawlings suka karɓi mulki, suka ɗora wa matan kasuwa laifin tsadar kaya. Aka tilasta sayarwa a farashin gwamnati, aka yi wa mata bulala a bainar jama'a, ranar 18 ga Agusta kuma aka rushe babbar Kasuwar Makola ta tsakiyar Akra. A 1982 aka janye takardar sidi 50, mafi girma a lokacin, aka ba mutane takardar shaida a madadinta. Matakan nan an ce domin talaka aka ɗauka, amma sun cinye abin da talakawan kasuwa suka tara, suka kuma sa mutane tsoron banki shekaru masu yawa.

Sai 1983 ta zo da fari da gobarar daji. A watan Janairu na shekarar Nijeriya ta kori baƙi marasa takardu, 'yan Gana wajen miliyan 1 suka komo gida a lokacin da babu abinci. Tsadar kaya ta haura kashi 120 cikin 100. Mutane suka rame har ƙasusuwan wuyansu suka fito, jama'a suka raɗa wa abin suna sarƙar Rawlings. A irin wannan shekara adashi da zumunci ba su da ƙarfi, gama an gina su ne domin ranar da mutum ɗaya ya faɗi sauran suna tsaye. A wannan karo kowa ya faɗi tare.

Gyaran tattalin arzikin da aka fara a 1983 da rancen Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya ya komo da kaya kasuwa, amma ya zo da nasa nauyi. Daga 1985 aka ƙara kuɗin asibiti ƙwarai, har aka kai ga tsarin sai an biya a ba da magani. Ciwon mutum ɗaya a gida yana iya cinye jarin uwa, a cire yara daga makaranta su kama talla. Ta wannan hanya rashin shekara ɗaya yake zama gādo. Sai a 2003 aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa domin rage wannan.

'Yan dako da tsadar talauci

A kasuwannin Akra akwai 'yan mata masu ɗaukar kaya a ka cikin manyan kwanoni, ana kiransu kayayei. Kalmar haɗi ce ta kaya daga Hausa da kalmar mata a harshen Ga. Kafin 1969 dako yawanci aikin maza ne daga Nijar da Mali. Bayan an kore su, a hankali 'yan mata daga arewacin Gana suka maye gurbinsu, daga yankunan da mulkin mallaka ya ɗauka a matsayin rumbun leburori, bai kuwa ba su makarantu da masana'antu ba.

A ranar kasuwa mai kyau, 'yar dako tana iya samun abin da ya kusa na mai sayar da tumatir a faranti. Duk da haka halinsu ba ɗaya ba ne. Mai tumatir tana da wurin zama da aka san ta da shi, da mai sarin da ya yarda da ita, da ɗakin da za ta kulle. 'Yar dako sau da yawa a gaban kanti ko a rumfar katako take kwana tare da wasu, tana biyan kuɗin wanka, kuɗin bayan gida da kuɗin ruwan sha, ba ta da wurin girki sai ta sayi dafaffe, ba ta da inda za ta ɓoye abin da ta samu. A cikinsu ma akwai bambanci. Wadda ta zo da 'yan garinsu, tana da yaya a gaba da adashi, takan koma gida da kayan ɗaki ko keken ɗinki. Wadda ciki ko ciwo ya same ta ita kaɗai takan maƙale.

Wannan ya nuna cewa zaman fatara yana da tsada. Mai sayen ruwa a jarka ya fi mai famfo biya. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata 6 a gaba, amma masu gidaje sukan nemi na shekara ɗaya ko biyu, wanda bai iya tara su ba kuwa sai ya zauna inda ruwa yake ci. Kwalara ta 2014 ta kama mutum fiye da 28,000 a Gana, Akra ce kuma ta fi jin jiki. Ambaliya da gobarar gidan mai na ranar 3 ga Yuni 2015 a shataletalen Kwame Nkrumah, ba nisa da Malam Atta, sun kashe mutum wajen 150. Gobarar Kasuwar Kantamanto a 2013 da 2025 kuma ta nuna yadda jarin shekara ashirin yake zama toka a dare ɗaya.

Ma'aunin hukuma da ma'aunin zango

A 1990 Bankin Duniya ya sa dala 1 a rana ta zama iyakar talauci, daga baya aka yi ta ɗaga adadin. Bisa ga ƙidayar hukumar ƙididdiga ta Gana, matalauta sun ragu daga kashi 51.7 cikin 100 a 1991/92 zuwa kashi 23.4 a 2016/17. Wannan ci gaba ne na gaske. A ƙidayar 2016/17 jihar Akra kashi 2.5 kawai take da shi, jihar Arewa maso Yamma kuwa kashi 70.9, abin da ya isa ya bayyana dalilin da 'yan mata suke ta gangarowa kudu. Amma ma'aunin da ya dubi abin da mutum yake kashewa kaɗai ba ya ganin ɗaki ɗaya mai mutum takwas, ko kuɗin da ya tafi a ƙofar bayan gida. Da hukumar ta auna da ilmi, lafiya da yanayin gida a rahotonta na 2020, sai ta sami kashi 45.6 na 'yan ƙasa cikin talauci.

Gwamnatoci sun yi waɗansu abubuwa da suka nufi wannan gefe. An soke kuɗin makarantar firamare a 2005, an fara ba gidaje mafi rauni tallafin kuɗi a 2008, sakandare ta zama kyauta a 2017, a shekarar kuma majalisa ta amince da dokar asusun raya zanguna. Duk da haka tsadar kayan da ta kai kashi 54 cikin 100 a Disamba 2022 ta sāke nuna cewa abin da mai susu ya tara wa mace a wata ɗaya yana iya zubar da darajarsa kafin ya isa hannunta.

Mai karatu da yake son taimako, ko a Akra, ko a Kano, ko a Maraɗi, ya kamata ya fara da tambayar wane hali mutumin da yake gabansa yake ciki. Talaka mai sana'a ba sadaka ce babbar bukatarsa ba. Yana bukatar a bar masa rumfarsa, a tsare darajar kuɗinsa, a ba shi takardar da za ta tabbatar da zamansa, a kuma hana ciwo ko gobara cinye jarinsa. Tarihin 1969, 1979 da 1982 ya nuna cewa hukuma da hannunta tana iya jefa irinsa cikin fatara a mako biyu. Wanda ya riga ya faɗa kuwa, kuɗi kaɗai ba sa fitar da shi, gama zai kashe su a kan kwana da wanka. Yana bukatar wurin kwana mai ƙofa, da hanyar sana'a, da wani mai mutunci da zai tsaya masa ya ce ya san shi. Abin da masu gidan zango suka yi wa baƙi a zamanin Malam Bako ke nan, da yawa kuma cikin iyalan da ake girmamawa a zangunan Akra daga irin wannan zaure kakanninsu suka fara.